Yadda zaka zauna da aikin gida na aljabara da kididdiga har ka gane shi, ba kwafa ba

Ƙannena na SHS, maza da mata, musamman ku na Aboabo da Asawase da Sawaba da kuke turo min hoton aikin gida a WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare kuna cewa "Yaya dan Allah amsar kawai nakeso", wannan rubutun naku ne. Amsar kawai ɗin nan ita ta kada ni a WASSCE ɗina na farko, na fito da E8 a Core Maths, kuma kun san ba jami'ar da zata kalle ka da wannan, ko Tek ɗin nan tamu ta Kumasi ko Legon sai ka kawo aƙalla C6. Na zauna gida shekara guda ina kallon abokaina suna tafiya, na sake rubuta Nov-Dec, wato WASSCE ɗin masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, sannan Allah ya taimake ni. Abinda na canza a shekarar nan shi zan faɗa muku.

Na farko dai ku cire wa ranku cewa baku da kan lissafi. Yarinyar da ke taya Mma sayar da wake da shinkafa da safe, mutum biyar suna miƙo mata kuɗi lokaci ɗaya, wannan yace na sidi 15 a sa ƙwai, wancan yace na 20 banda taliya, tana bada canji bata taɓa kuskure ba, ita ce zata zo tace min wai lissafi baya shiga kanta? A'a wallahi. Turancin tambayar ne ke tsorata ta, da kuma gaggawar tsallake matakai. Saboda haka kafin ka taɓa biro ka karanta tambayar sau biyu, sannan ka faɗe ta da Hausa da bakinka kamar kana bawa ƙaninka labari. In baka iya faɗin ta da Hausa ba to baka gane ta ba tukuna, kuma duk abinda ka rubuta bayan nan caca ce.

Akwai wasu ƴan kalmomin Turanci da suke da tarko. In akace "5 less than x", da yawanku sai ku rubuta 5 − x saboda biyar ɗin aka fara ambata, alhali ma'anar ita ce x ne aka rage masa biyar, wato x − 5. In kaga "hence" ana nufin kayi amfani da amsar da ka samu a sama, kar ka sake sabon lale. Ka ware shafin ƙarshe na littafinka ka dinga tara irin waɗannan kalmomin da fassararsu, nawa ya kai shafi uku kafin jarabawa.

Toh mu shiga aljabara. Sunan ma kun ji shi kamar na gida, daga Larabci ne, al-jabr, daga littafin da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban ɓangare na littafin akan rabon gado da wasiyya yake. Wato ku da kuka zauna gaban malam a makaranta kukaji ana fara'id kun riga kun sha ƙamshin abin. Ga misali: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da ƴaƴa maza biyu da mata uku, iyayensa basa raye, bayan an biya bashi saura sidi 16,000. Matar tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, wato 2,000, saura 14,000. Bamu san rabon ɗiya mace ba, sai mu kira shi x. Namiji yana da rabon mata biyu, 2x. Maza biyu 4x kenan, mata uku 3x, jimla 7x.

7x = 14,000
x = 2,000

Kowace mace 2,000, kowane namiji 4,000. Shikenan aljabara, abinda baka sani ba ka raɗa masa suna ka cigaba da lissafi dashi kamar ka sanshi. Kuma kullum layinka na farko ya zama ka rubuta me x ɗin yake wakilta, kar ka bar mai maki yana duba ko me kake nufi.

Ikweshan kuma ka ɗauke shi kamar sikelin mai nama a Kejetia, alamar = ita ce tsakiya, duk abinda ka yiwa hannun dama sai ka yiwa na hagu in ba haka ba ya karkace. Nasan an koya muku "ya tsallaka ya canza alama", ba laifi, amma ku san dalilin: cirewa kake daga ɓangarorin biyu. Wanda ya haddace tsallakawa kawai shi ne zakaga 3x = 12 ya rubuta x = 12 − 3, saboda an ce masa tsallakawa ake. Ukun nan ninka x yake, to rabawa za'ayi, x = 4.

Inda nafi ganin jini yana zuba shi ne mainos a gaban biraket. Dubi wannan:

5 − 2(x − 3) = 1

Cikin yara goma da nake zama dasu ranar Asabar zai yi wuya rabi basu rubuta 5 − 2x − 6 ba. Daidai shi ne 5 − 2x + 6, saboda −2 ne yake ninka −3. Ni yadda na fahimtar da kaina, mainos bashi ne. Ana binka bashin sidi 3 a wuri biyu, sai aka cire maka bashin nan duka, aka yafe, kaga ai ka ƙaru da 6 kenan. Sai mu cigaba:

11 − 2x = 1
2x = 10
x = 5

Yanzu ga abinda ya fi komai a rubutun nan, in ka manta sauran kar ka manta shi: mayar da amsar cikin tambayar ka gani. 5 − 2(5 − 3), wato 5 − 4, ya bada 1, daidai. Wanda yayi kuskuren can zai samu x = −1, in ya mayar zaiga 13 ta fito maimakon 1, nan take zai san akwai matsala tun kafin masta ya zana masa jan biro. Aljabara darasi ne da zaka iya yiwa kanka maki kafin ka miƙa, rabin minti ne, amma bakwa yi, kuma abin yana min ciwo.

Masu harafi biyu da ake kira simaltiniyos, su ma kasuwa ce. Ace Hajiya ta aike ka ka sayo olonka 3 na shinkafa da olonka 2 na wake akan sidi 310, washegari ta sake aiken ƙanwarka ta sayo shinkafa 2 da wake 1 akan 185, farashin bai canza ba (misali ne kawai, kar wani yaje yayi rigima da mai shago). Shinkafa s, wake w.

3s + 2w = 310
2s + w = 185

Tunanin shi ne, da ace waken da aka saya a ranakun biyu ɗaya ne, da bambancin kuɗin na shinkafa ne zalla. To mu ninka aiken ƙanwar sau biyu: 4s + 2w = 370. Yanzu wake ya zama daidai, bambancin olonka ɗaya na shinkafa ne, kuɗin kuma 370 − 310, wato s = 60. Ka saka a ta biyu, 120 + w = 185, w = 65. Ka gwada a ta farko wadda baka saka s a cikinta ba: 180 + 130 = 310. In kana ninkawa ka ninka har da lambar da ke bayan =, nan ma ana yawan mantawa.

Kwadiratik, mai x². Ace ɗakin shago tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 3, filin cikinsa murabba'in mita 40. Faɗi x, tsawo x + 3, sai x(x + 3) = 40, ka buɗe ka kwaso komai gefe ɗaya ya zama x² + 3x − 40 = 0. Nemo lambobi biyu da in ka ninka su zasu bada −40, in ka haɗa su kuma 3. Ka jero su a gefen takarda, 1 da 40, 2 da 20, 4 da 10, 5 da 8, kaga 8 da −5 ne. (x + 8)(x − 5) = 0, x = 5 ko −8. Ɗaki baya da faɗin mainos takwas, sai ka rubuta hakan da hannunka ka ɗauki 5, tsawo 8. In lambobin sun ƙi fitowa cikin minti ɗaya kar ka tsaya kokawa, ka tafi fomula, wato x = (−b ± √(b² − 4ac))/2a, inda a yake lambar x², b lambar x, c kuma lambar da ke tsaye ita kaɗai.

A fomular nan ne wata ƙanwata ta kusa kuka wani dare, an ɗauke wuta muna aiki da fitilar waya. Tambayar 2x² − 5x − 3 = 0 ce, ta danna cikin Casio ɗinta sau huɗu yana rubuto mata Math ERROR, har ta fara bubbuga shi a cinya wai ya lalace. Na karɓa na duba, ashe −5² take dannawa ba biraket, shi kuma kalkuleta sai ya ɗauka biyar ɗin kawai za'a ninka da kanta sannan a sa mainos, ya bata −25, ta haɗa da 24 ya zama −1, shi kuwa ba zai nemo tushen (√) mainos ba. Da ta danna (−5)² sai ga 25, da 24 ya zama 49, tushensa 7, x = (5 + 7)/4 = 3 ko (5 − 7)/4 = −½. Tayi shiru tana kallon allon sannan tace "Yaya biraket kawai?" Eh biraket kawai. Tun daga ranar kafin ta taɓa fomula sai ta rubuta a = 2, b = −5, c = −3 a layi guda da alamominsu.

Kalkuletan nan nasan wasu suna iya fitar maka da x kai tsaye, kuma yana da amfani wajen dubawa da kuma takarda ta ɗaya mai tambayoyin zaɓi 50. Amma takarda ta biyu ta WAEC, wadda ake rubuta aiki, maki a kan hanya yake: akwai makin hanyar da kabi, akwai na amsar. Wanda ya bi hanya daidai ya zame a layin ƙarshe zai kwashi mafi yawa, wanda ya dire amsa tsirara ba aiki yana iya tashi da kusan babu. Saboda haka tun a aikin gida ka saba, layi ɗaya mataki ɗaya, alamar = a ƙarƙashin ƴar uwarta. Takarda bata kai darajar shekara guda a gida ba.

Mu koma kididdiga, wadda ni a ganina nan ne maki mafi araha yake kwance, sai dai tana son haƙuri da tsaftar aiki. Ace yayanka mai tuƙa pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ya rubuta cinikinsa na kwana bakwai: 120, 150, 130, 120, 410, 140, 120. Min, wato matsakaici, shi ne in an zuba duka a kwano ɗaya an raba daidai: jimla 1,190, a raba 7, ya bada 170. Mod shi ne wanda ya fi maimaituwa, 120. Midiyan shi ne na tsakiya, amma sai ka jera su daga ƙarami zuwa babba tukuna, kamar yadda ake jera yara a sahu: 120, 120, 120, 130, 140, 150, 410, na huɗu shi ne 130. Wanda bai jera ba zai ɗauki 120 ya faɗi. In adadin ba mara bane, ace an ƙara kwana na takwas da 160, na tsakiya biyu ne, 130 da 140, sai ka haɗa ka raba biyu, 135.

Ka tsaya ka kalli lambobin nan da kyau, saboda nan hankalin kididdiga yake. Min yace 170, amma a kwana bakwai ɗin sau ɗaya tak ya wuce 150, ranar Sallah ce da kowa ke yawon gaisuwa ya samu 410, ita ta ja min ɗin sama. In mai pragya ɗin ya yanke masa kuɗin da zai dinga kawowa kullum bisa 170 ai an zalunce shi. Midiyan ɗin 130 ya fi faɗin gaskiyar ranakunsa. In aka tambaye ka wanne ya fi dacewa kuma me yasa, amsar kenan, lamba ɗaya da tayi nisa da ƴan uwanta tana jan min amma bata iya jan midiyan.

Sai tebur mai firikwansi, wato sau nawa abu ya faru. Mai koko ta lura da mutum 20, ƙosai nawa kowa ya saya: mutum 3 sun sayi ɗaya, 5 sun sayi biyu, 6 sun sayi uku, 4 sun sayi huɗu, 2 sun sayi biyar. Ka ja layuka da rula, ginshiƙi huɗu, x da f da fx da fx².

x: 1, 2, 3, 4, 5
f: 3, 5, 6, 4, 2, jimla 20
fx: 3, 10, 18, 16, 10, jimla 57
fx²: 3, 20, 54, 64, 50, jimla 191

Min shi ne 57 a raba 20, wato 2.85. Da yawa suna rabawa da 5 saboda layi biyar suka gani, su samu 11.4 su ja layi biyu a ƙarƙashi hankali kwance. Haba, ba wanda ya sayi fiye da ƙosai biyar, ta yaya matsakaicin zai zama sha ɗaya? Dole min ya faɗo tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, wannan shi ne irin mayar da amsa na kididdiga. Midiyan kuma ka dinga tara f ɗin, 3, 8, 14, 18, 20, mutum na 10 da na 11 duk suna cikin masu uku, to 3 ne. Mod ma 3 ne, ba 6 ba, shida yawan mutanen ne.

Standad dibiyeshan sunan ne kawai mai ban tsoro, abinda yake aunawa shi ne yadda lambobin suka watsu daga min. Ka raba jimlar fx² da jimlar f, 191 a raba 20, 9.55. Ka cire min ninki kansa, 2.85 × 2.85 = 8.1225, saura 1.4275, tushensa 1.19. Abu biyu zaka kiyaye. fx² na nufin x kaɗai ake ninkawa da kansa sannan a ninka da f, hanya mai sauƙi ka ninka ginshiƙin fx da x, misali 10 × 2 = 20, ba 10 × 10 ba. Na biyu kar ka gutsure lamba a tsakiyar aiki, in ka mayar da 2.85 ya zama 2.9 amsarka zata koma 1.07, kaga ka bar hanya akan ɗan abu. Sai a layin ƙarshe ake gutsurewa, kuma gwargwadon yadda tambayar tace.

In an baka rukuni-rukuni kamar 10–19, 20–29, x ɗinka shi ne tsakiyar rukunin, 14.5 da 24.5, iyakokin kuma 9.5 zuwa 19.5 haka. Zanen ojayib, wato giraf ɗin tarin firikwansi, ana ɗora jimlar f da ka tara akan iyakar sama, 19.5, ba akan tsakiya ba, kuma da hannu ake lanƙwasa layin ba da rula ba. Ka sayi littafin giraf naka, ka fere fensir, kabi sikelin da aka baka ko da kana ganin wani ya fi kyau, ka rubuta sunan kowane gefe. Midiyan kana karanto shi daga rabin jimlar. Zanen da'ira kuwa kason ka raba da jimla ka ninka da 360, in ka gama ka haɗa kusurwoyin ka tabbatar sun cika 360.

Purobabiliti, wato damar faruwar abu, a gajarce: goro 8 a leda, 5 ja 3 fari, ka zaro biyu ba tare da ka mayar da na farko ba. Damar duka biyun su zama ja ita ce 5/8 × 4/7 = 5/14, saboda bayan ka cire ɗaya ja saura 4 cikin 7. Ka nemi ko an ce an mayar ko ba'a mayar ba, duk tambayar a nan take. In amsarka ta wuce 1 ka koma baya.

Maganar waya da manhajojin da ake ɗaukar hoto su warware, bazan ce ku jefar ba, nima ina dubawa. Amma ka fara gwadawa da kanka minti goma sha biyar, in ka maƙale ka duba layin da ka tsaya kawai, ka kife wayar ka ƙarasa, washegari ka sake yin tambayar a farar takarda ba tare da kallo ba. Kuma suna kuskure, na sha kamawa, to su ma a mayar da amsarsu a gwada. Masu jiran apo kuwa, wato tambayoyin jarabawa da ake satowa, WAEC tana riƙe sakamako tana sokewa, kuma na ga wanda ya biya kuɗi aka turo masa tambayoyin wata shekara. Pasko, wato tambayoyin shekarun baya, shi ne abokinka, tambaya uku kullum bayan sallar asuba kafin gida ya tashi da hayaniya ta fi ashirin ranar Lahadi da dare. Iyayenmu kuma dan Allah, yarinya in ta zauna da littafi a bar mata awa ɗaya ba aike, ƴan deyi suna dawowa a gajiye ga wanke-wanke ga makarantar dare.

In zaka turo min tambaya daga yau, ka haɗo da hoton abinda ka gwada, ko layi biyu ne, ta nan zan ga inda ka zame. Ga wadda zaku fara da ita: trotro ya tashi daga Kejetia da fasinja 23, manya suna biyan sidi 6, yara 4, mate ya ƙirga kuɗi ya samu 124. Manya nawa, yara nawa? Ka rubuta me harufanka suke wakilta, ka nuna matakai, ka mayar da amsar ka gwada a ƙasa. Ku kawo ranar Asabar bayan la'asar inda muka saba zama, kowa ya zo da rula da littafin giraf, ojayib zamuyi.